Farantin Gindin Darbejiya

Akwai wani dattijo mai suna Malam Tijjani, yana kula da injin saƙa a wata masana'antar tabarmar roba a Sharaɗa. Na so in ce Bompai, amma Sharaɗa ce, don a can darbejiyar take, a bayan ɗakin janareta.

Kullum idan jiniyar hutu ta yi kuka aka idar da azahar, mutum uku ne ke zama a gindin darbejiyar nan, su sa hannu a faranti ɗaya. Malam Tijjani shi ke kawo tuwo, malmala uku, tuƙin matarsa Asabe. Idi, mutumin Maraɗi da ke ɗaure dilolin tabarma, shi ke kawo man shanu da yaji daga gida. Miya kuwa daga gidan Zakariyya take fitowa.

Zakariyya aminin Malam Tijjani ne. Shi ya fara kiran Idi kan farantin, ranar da ya gan shi baƙo a rakuɓe yana cin garin kwaki shi kaɗai. Shekara goma sha tara suna haka, ko ashirin, ban riƙe ba.

Da ciwon ajali ya kama Zakariyya, ya riƙe hannun amininsa ya ce, "Tijjani, ga Sagir nan ya fara aiki a wurinku. Kada wurina ya zama wayam a farantin nan."

Malam Tijjani ya yi alkawari. Sagir ya gaji wurin mahaifinsa, matarsa Badi'a ta gaji tukunyar miya.

Ana nan sai zaɓe ya matso. Sagir ya samu ɗan takararsa na majalisar tarayya, ya liƙa hotonsa a babur, a bayan waya, har a murfin kular miya. Kowace loma sai ya haɗa ta da siyasa.

"Baba, ƙasar nan rushe ta za a yi a sake sabuwa. Komai ya ruɓe!"

Malam Tijjani ya gutsuri tuwo ya ce, "Ka ga injina? Ya girme ka. Da na biye wa duk mai cewa a jefar da shi, da tuni muna gida. Inda ya lalace nake gyarawa, ƙusa ɗaya bayan ɗaya, ana aiki ana gyara. Mutane suna cikin ƙasar nan, Sagir. Idan ka rushe ta, ina za su tsaya kafin ka gama ginin?"

"Ku dai kullum a bi a hankali. To wa za ku zaɓa?"

Malam Tijjani bai ɓoye ba. Ya ce ɗaya ɗan takarar zai zaɓa, don ya ga aikinsa a baya, kuma ba ya zagin kowa a rediyo.

Sagir ya cire hannu daga farantin. "Wancan? Baba, ashe da ku ake cutar mu!"

Idi ya ce, "Haba Sagiru, ci tuwonka. Ƙuri'a ta yini guda ce, mu kuma kullum muna nan."

"Kai kuma ina ruwanka? Kana da ƙuri'a a ƙasar nan ne? Baƙo ya yi shiru idan 'yan gida suna magana."

Idi ya suɗe yatsunsa, ya rufe gwangwanin man shanunsa, ya tashi. Sagir ma ya ɗauki kularsa ya yi gaba. Aka bar Malam Tijjani da tuwo tuli guda, ba miya ba mai, ga alkawarin amininsa ya tsaya masa a rai.

Washegari Sagir ya zauna can kan bencin masu gadi, ya buɗe kula. Miyar kuka ce zalla, tana ta ƙamshin daddawa. Da ya koma gida ya ce wa Badi'a daga gobe ta riƙa haɗa masa da tuwo.

Ta ce, "Ni da Inna Asabe ba mu yi faɗa ba. Ita tuwo, ni miya, haka na tarar. Idan ka raba gari da mijinta, ka je ka gaya mata da bakinka."

Sagir ba shi da wannan ƙarfin halin. Haka ya riƙa dangwala burodi a miyar kuka, masu gadi suna tambayarsa ko sabon abincin jam'iyya ne.

Shi ma Malam Tijjani Asabe ta ce masa, "Malam, in rage tuƙin nan mana, tunda kai kaɗai ne."

Ya ce, "A'a, malmala uku. Na yi wa mutum alkawari, kuma ba ya nan balle in nemi ya yafe mini."

Kullum sai ya shimfiɗa tabarma ya ajiye farantin. Ya kai wa Idi malmala ɗaya wurin diloli, ya ci tasa da ɗan yajin da Idi ya sammasa, ta ukun kuma ya rufe ya ɗora a kan injin Sagir. Sagir ba ya taɓawa, sai masu shara su cinye. Washegari kuma a sake ajiye wata.

Ranar zaɓe Malam Tijjani ya bi layi tun hantsi da kujerarsa ta roba, ya kaɗa ƙuri'arsa, ya tsaya har aka ƙirga. Ɗan takararsa ya sha kaye. Na Sagir ne ya ci.

Da aka koma aiki, Sagir ya shigo yana taku ɗai-ɗai, yana jiran ya ga dattijo ya murtuke fuska. Sai ga Malam Tijjani da ƙullin goro.

"Barka, ɗana. Naku ya ci. Daga yau wakilinmu ne gaba ɗaya, Allah ya yi riƙo da hannunsa. Idan ya yi daidai mu yaba, idan ya kauce mu gaya masa, bayan shekara huɗu kuma mu sake bin layi."

"Ba ku ji haushi ba, Baba?"

"Na ji mana, har na kasa shan kunu. Wanda ya faɗin ma ya ce zai je kotu, to hanyar ke nan, ya je. Ni dai ba zan ƙona tayar kowa ba."

Sagir ya karɓi goron, kunya ta kama shi, amma girman kai ya hana shi komawa gindin darbejiya. Ina zai sa idonsa idan ya ga Idi?

Da damina ta yi nisa, sojoji suka karɓi mulki a Nijar. Aka rufe iyaka, har ana maganar tura dakaru. Matasan masana'anta suka rabu biyu, Sagir yana cikin masu cewa a nuna ƙarfi.

Malam Tijjani ya tarar da su a bakin famfo suna alwala ya ce, "Ni ban goyi bayan bindiga ta ture ƙuri'a ba, ko a can ko a nan. Amma wa za a harba? Rabin Maraɗi suna da dangi a Kano. Tabarmar da muke saƙawa ma, su waye suke saye? A tura dattawa da malamai su zauna, ko sau goma ne. Maƙwabci ba ya tashi ya bar maka unguwa don kun ɓata."

Ana cikin haka aka bugo wa Idi waya cewa matarsa Aina'u ta sauka lafiya, an samu ɗa namiji bayan 'ya'ya mata huɗu. Ga hanya a rufe. Masu bi ta daji suna bi, amma ba a san ranar dawowarsu ba, shi kuma yana tsoron rasa aikinsa. Ya zauna a kan dila, yana dariya yana share ido.

Malam Tijjani ya ce, "'Yan'uwanka su yanka rago a can, mu kuma mu ci tuwon suna a nan."

Da suna ya matso, sai ya wuce wurin injin Sagir. "Jibi sunan ɗan Idi. Asabe za ta tuƙa na mutum talatin. Ban zo maganar siyasa ba, miya na zo roƙo."

Sagir ya sunkuyar da kai. "Zan gaya wa Badi'a. Amma ajiyewa kawai zan yi in tafi."

Ashe Badi'a ta riga shi ji, har ta sayi kuɓewa da kaji.

Ranar suna gindin darbejiya ya cika, masu gadi da masu shara da direbobi, har manaja ya leƙo. Sagir ya sauke babbar tukunya daga babur, ya juya zai tafi. Daidai nan wayar Idi ta yi ƙara, aka kira shi ta bidiyo daga Maraɗi, ga jariri a hannun kakarsa.

Mutane suka ce, "Idi, me aka raɗa masa?"

Idi ya ce, "Zakariyya. Sunan wanda ya fara ce mini zo mu ci a garin nan."

Sagir ya tsaya cak da makullin babur a hannu. Ya dawo a hankali ya durƙusa gaban Idi.

"Baba Idi, ku yafe mini. Bakina ne ya..."

"Tashi, tashi! Ai tun ranar na yafe, miyar ce dai ban yafe ba." Ya miƙa masa wayar. "Ungo, gaida babanka."

Ɗa ba ya kiran sunan mahaifinsa gatsau, don haka Sagir ya dubi jaririn ya ce, "Abba, sannu da zuwa."

Wani direba ya ɗaga murya, "To Sagir, ga Abbanka ɗan Nijar ne. Har yanzu a tura dakarun?"

Wuri ya kaure da dariya, har da Sagir. Malam Tijjani ya matsa gefe, ya buga tabarma da tafin hannunsa a daidai wurin da Zakariyya yake zama. Sagir ya wanke hannu ya zauna. Ya kai loma ta farko, ya lumshe ido.

"Wata shida ina cin burodi da miyar kuka, Baba. Amma ina man shanun?"

Idi ya kife gwangwaninsa, ko ɗigo babu. "Yana bayan iyaka. Wannan kuma sai ka gaya wa wakilinku."

Malam Tijjani ya ce, "Wakilinmu. Gobe mu rubuta masa takarda, mu ukun mu sa hannu. Yanzu dai a ci, tuwo yana hucewa."

Darasi: Ka zaɓi wanda ranka ya kwanta da shi, ka bar ɗan'uwanka ya zaɓi nasa. Idan ka ci kada ka yi girman kai, idan ka faɗi ka bi doka ka jira wani zaɓen. Ƙasa a hankali ake gyara ta, maƙwabta kuma da zama da magana ake shiryawa da su. Kada siyasa ta tashe ka daga farantin da iyayenka suka bar maka. Ku tura wa wanda kuka daina gaisawa da shi saboda zaɓe, wataƙila shi ma yana can yana cin miyarsa ba tuwo.