Littafin da Aka Ɗora wa Alwin a Ka

A zamanin da, a ƙasar Ingila, inda ruwan sama bai san lokacinsa ba, bishop na wani gari, wato babban limamin majami'a, ya mutu, sarki ya rasa wanda zai naɗa. Can ya tuna da Alwin, malamin da ya ƙare ƙuruciyarsa daga wannan makaranta zuwa waccan, da akwatunan littattafai a bayan alfadari. Yanzu gwiwa ta gaji, ba abin da yake so sai ɗakin da zai sauke kayansa.

To, al'adarsu ita ce, ranar naɗi a ɗora wa mutum babban littafin majami'a a ka, a sake shi ya buɗe da kansa. Abin da shafin ya faɗa, shi ne makomarsa. Sarki ya yarda da wannan ƙwarai, don ya fi tunani sauƙi. Ya kuma kafa doka: wanda shafinsa ya yi muni, a sa shi jirgin ruwa ya bar ƙasar.

Waziri kuwa yana da ƙane wanda, a ganinsa, kujerar ta yi masa daidai.

Ranar naɗi Alwin ya kasa tsayawa wuri ɗaya. Ya je ƙofa, ya dawo, ya koma ya leƙa alfadarinsa, wanda ya hana a kwance wa kaya. Da ya durƙusa aka ɗora littafin, sai ya wangale a shafin wuta da la'ana.

Waziri ya girgiza kai, ya ce, "Ranka ya daɗe, abin tausayi. An yi sa'a dai jirgi na nan a shirye."

Alwin ya ɗaga ido. Ya daɗe da littattafai, ya san ba sa wangalewa haka sai an danne musu baya. Ya ce, "Allah ya ja zamanin sarki, na karɓa. Amma kafin in tafi, ina so in ga shafin alheri, ko da a kan wani ne. Ga waziri nan, mutumin kirki."

Sarki ya ce a ɗora wa waziri. Littafi ya buɗe: wuta da la'ana. Aka sake. Wuta dai.

Sarki ya ce, "Waziri, ko dai littafin nan gaskiya yake faɗa, ko wani ya ɗora masa dutse a wannan shafi. Wanne ka zaɓa?"

Waziri ya ga duk wanda ya zaɓa, ya kama kansa. Tun da jirgi na shirye, ba a bar shi ya tafi fanko ba, aka sa waziri a ciki.

Aka naɗa Alwin, ya fita ya sauke akwatunansa. An ce ya zauna garin har mutuwarsa, sai dai kullum da safe yakan leƙa ya ga ko sirdin alfadarinsa na nan.