Ranar da Aka Kwance Igiyar Suna

Dalilin da ya sa, yara, kuke iya cewa "giwa" alhali ba ku taɓa ganinta ba, tsohuwa guda ce ta jawo shi.

A can da, kowane suna a ɗaure yake da mai shi. Abu in ba ya gabanka, ko ka kwana kana murɗa harshe sunansa ba ya fitowa. Mai son kai ƙarar jakin da ya ci masa dawa, sai ya ja jakin har ƙofar mai gari, ya ɗauko karan dawar ma. Wanda aka sace wa akuya kuwa ya shiga uku, don sai dai ya je ya tsaya yana nuna turke. Hira ba ta da daɗi a zamanin, amma ba mai iya yin ƙarya.

Akwai wata tsohuwa mai suna Tabawa. Ɗanta guda ne, masaƙin tabarma, kogi ya tafi da shi matarsa tana da ciki. Tun daga ranar sunansa ya maƙale a bakin kowa. Matar ta haifi yarinya, aka sa mata Lanti. Lanti ta yi wayo, wata rana ta shafa tabarmar da take zaune a kai ta tambayi kakarta wa ya saƙa ta. Tabawa ta buɗe baki, ba abin da ya fito. Abin ya yi mata ciwo ƙwarai, don ta san in ta mutu yarinyar ba za ta taɓa sanin ubanta ba.

Sai ta ɗauki sandarta ta tafi wurin Barmo, tsohon mai tufka da ke zaune a gindin wani rimi. Shi ke ɗaura wa kowane abu sunansa. Ta roƙe shi ya kwance mata suna ɗaya tak. Barmo bai ko ɗaga kai ba. Ya ce ƙulli guda ne ya riƙe su duka, in ya kwance shi, mai gaskiya da maras gaskiya duk sun samu baki.

"Kuma ki sani," in ji shi, "sunan zai zo, amma shi kaɗai zai zo."

"Na ji, Baba. Kwance."

Ya kwance. Kafin ta iso gida wani mai awo a kasuwa ya riga ya rantse cewa yana da gero tari a rumbu, alhali ko ɓera ya daina leƙa rumbun nan. Tabawa ba ta tsaya sauraro ba. Ta shiga gida, ta kira jikarta ta zaunar da ita.

"Jatau," ta ce. "Sunan ubanki Jatau."

Lanti ta yi zumbur ta juya ta zuba wa ƙofa ido, don a saninta ba a faɗin suna sai mai shi yana nan. Ta daɗe tana kallo.

"Kaka, ina yake?"

"Ba zai shigo ba, 'yar nan. Maimaita shi dai, kada ki manta."

Shi ya sa har yau mutum ke iya sayar maka da abin da bai mallaka ba da fatar baki, kuma shi ya sa nake iya gaya muku sunan kakanku da ba ku tarar ba.