Ƙwaryar Kaka Ɗaharatu da Mai Amshin Cikin Akwati

"Sakar min ƙwaryar nan, Barira!"

"Wallahi ba zan saka ba, Yaya Tasi'u. Da bakinta ta ce ta wanda ya dawo mata da Yalwa ce. Kai me ka yi ban da zane a bayan kwalin maganin sauro?"

"Zanen nan ne ya nuna miki inda za ki soka wayarki, sarkin ƙone yatsa!"

"Ai da sai ka soka zanen a jikin akwatin, mu ji ko zai yi waƙa."

Babban wansu Rabe bai sa hannu a ƙwaryar ba. Ya dai ja benci ya zauna a bakin ƙofar situdiyon, ya miƙe ƙafafunsa dogaye, yadda duk wanda zai fita da ƙwarya sai ya tsallake shi.

To jama'a, ku matso kusa. Ga yadda aka yi 'yan uwa uku, uwa ɗaya uba ɗaya, suka kai ga jan ƙwarya a bayan tashar Funtuwa.

Kakarsu, Ɗaharatu, ta shekara arba'in tana kiɗan ƙwarya a gidajen biki da suna. Ita ke ba da waƙa, ƙanwarta Yalwa ke amsawa. Da Yalwa ta rasu, shekara ashirin ke nan, Kaka ta gwada 'yan amshi sun fi goma. Wannan ta ce tana riga ta shiga, waccan ta ce tana jan ƙafa, wata kuma ta ce muryarta kamar an taka ƙyanwa. Bana Allah ya ba ta kujerar Makka, ta ɗauki alkawari cewa kafin ta taka jirgi za ta ajiye waƙa har abada. Jikokin nan uku da suka haɗa hannu suka buɗe situdiyo sun yi roƙo har sun gaji ta zo su naɗi muryarta. Amsarta ɗaya ce kullum: "Ni ba na yi wa bango waƙa."

Sai ranar tafiya, da hantsi, ga ta a ƙofar situdiyo da ƙwarya a hammata.

"Ina angon nawa mai kunnen jemage?" Haka take kiran Tasi'u. "Waƙa ɗaya, sau ɗaya. Ana sallame La'asar motar maniyyata za ta zo. Ku yi abin da za ku yi."

Murna ta kama ɗakin. Rabe ya shimfiɗa tabarma, Barira ta sauko da makirufo daidai bakinta, Tasi'u ya ɗora mata hedifon a kan ɗankwali tana cewa a yi hankali da kitsonta na Makka.

A kan teburinsu akwai wani ɗan jan akwati, shi ne ke tsakanin makirufo da kwamfuta. Baki biyu gare shi, murya ta shiga ta ɗaya, shi ya miƙa ta ga manhajar da ke naɗa. Akwatin nan yana da amsa-kuwwa tasa ta kansa a ciki, iri goma sha shida, wadda 'yan situdiyo ke ce wa eko. Tasi'u ya murɗa mata ɗaya ba tare da ya duba wacce ba, kamar yadda yake yi wa kowane mawaƙi don ya ji muryarsa da daɗi.

Kaka ta gyara zama ta ce, "Salamu alaikum."

A kunnenta aka ce, "...alaikum."

Ta tsaya cak. Ta daki ƙwarya, ta ja baiti ɗaya, ta yi shiru. Murya ta amsa mata, a daidai gurbin da Yalwa ke shigowa, ba ta riga ba, ba ta makara ba.

"Ke ce?" in ji Kaka a hankali.

Daga nan ba ta sake kallon kowa ba. Minti tara tana waƙa, idonta a rufe, kowane baiti ta bar wa mai amshi fili. Wani wurin har ta yi dariya kamar an tsokane ta. Da ta kai ƙarshe ta birkice ƙwaryar, bakinta ya kalli sama, ta ce, "Na ajiye. Allah shaida, ku ma shaida. Kunna in ji mu."

Tasi'u ya kunna yana ta washe baki. Muryar Kaka ta fito garau, ƙwarya ta fito garau. Bayan kowane baiti kuma sai shiru, shiru mai faɗi, kamar mace tana ta sallama a gidan da aka tashi.

"Ina mai amshin?"

Ashe akwatin nan kunne kawai yake yi wa kwalliya. Abin da yake miƙa wa kwamfuta busasshiyar murya ce, ba ko ɗigon eko. Tasi'u ya hau ɗora mata irin na cikin manhaja ɗaya bayan ɗaya, gumi na bin wuyansa. Kaka na girgiza kai. "Wannan a rijiya ta faɗa." "Wannan 'yar birni ce, ban san ta ba." "Wannan ai namiji ne!"

"Kaka, ki ɗan sake..."

"In sake? Angona, so kake in tafi ɗakin Allah da kaffara a wuya? Goge ta. Waƙar da ba amshi ba za a ji ni da ita a duniya ba." Ta miƙe, ta tsaya a bakin ƙofa. "In mota ta zo ba ku nemo mai amshin ba, a gabana za a goge." Ta fita ta zauna a inuwar rumfar tela maƙwabcinsu, Malam Sambo, tana karɓar 'yan sallama.

Yanzu ku saurari abin da kowannensu ya yi.

Tasi'u ya zauna ya kama kai. Can ya zabura, ya sa hedifon, ya rufe manhajar gaba ɗaya, ya ce "kai" a makirufo. Aka ce masa "kai". Ya yi tsalle har hularsa ta daki fanka. Tunda manhaja a rufe take kuma ana amsawa, ke nan mai amshin a cikin akwati take zaune, ba a kwamfuta ba, kuma ƙofa ɗaya take fita, ƙofar hedifon. Ya yagi kwalin maganin sauro ya zana hanya. A fitar da busasshiyar muryar Kaka daga kwamfuta ta bayan akwati, a zagayo da ita a shigar ta baki na ɗaya, akwatin ya zaci tsohuwa ce ke waƙa sabuwa. In ya sa mata amshi ya tura kunne, a tare ta a ƙofar hedifon, a mayar ta baki na biyu, kwamfuta ta naɗe. Babu wanda ya taɓa tunanin haka a cikinsu. Ba don shi ba, da har yanzu suna neman Yalwa a inda ba ta taɓa shiga ba.

Barira ta karɓi kwalin ta duba, ta taɓe baki. Hanyar na buƙatar waya biyu, ɗaya suke da ita. Ta biyun kuwa, mai siririn kai a gefe ɗaya da ƙaton kai a ɗaya gefen, babu ita a ɗakin. Ta ruga shaguna uku a bakin tasha, babu. Ita sana'arta gyaran rediyo da wayar hannu, don haka ta zaro abin jin kiɗanta sabo fil, ita da ko fensir ba ta ba kowa aro balle shi, ta datse da almakashin Malam Sambo, ta datse tsohuwar wayar fiyanon Rabe. Ta zo haɗawa, ba wuta a gari, batirin situdiyo kuma ba zai ɗauki ƙarfen narka dalma ba. Ta tsallaka titi wajen mai gasa masara, ta cusa ƙarfen cikin garwashi, ta tsugunna nan a bakin hanya tana liƙa zare huɗu masu siririn gashi, hayaƙi na shiga idonta, yatsu biyu suka tashi. Da aka gwada, sautin ya yi wa baki na biyu ƙarfi, muryar Kaka ta fito kamar ana yage atamfa. Ta fasa wata matacciyar rediyo, ta ciro 'yan ƙwayoyin da ke rage ƙarfin wuta, ta sake komawa garwashi. Ba don ita ba, da zanen yana nan a kwali.

Ana soka waya akwatin ya saki wata ƙara, ƙiiii, da ta kori awakin bakin tasha, ta sa Malam Sambo ya ɗinke aljihun wani da hannun riga. Murya ce ke zagaye tana cin kanta. Tasi'u ya yi sufa ya toshe hanyar baki na biyu zuwa kunne, ƙara ta ɗauke. Daga rumfa Kaka ta ɗaga murya: "In ita ce wannan, ku mayar da ita!"

Ladan ya kira La'asar. Aka kunna. Amshi ya fito, amma ba shi ba ne, yana faɗowa a tsakiyar baiti yana take wa Kaka harshe. Ashe garin ruɗewa Tasi'u ya murɗe maɓallan akwatin duka biyu, na irin eko da na tsawon jinkirinsa, kuma ba wanda ya rubuta inda suke da safe. Su ma ba wanda ya ji abin da Kaka ta ji, ita kaɗai ke da hedifon.

Nan Rabe ya ce a ba shi wuri. Shi ne babba, shi kaɗai ya riski Yalwa, a bayanta aka goye shi ana zuwa gidajen biki. Ya sa aka kunna busasshiyar waƙar, ya ƙi sauraron muryar, ya saurari shirun da ke tsakani. Yana buga cinyarsa da yatsu, leɓensa na motsi. Ya kama maɓallin farko yana wuce ekon ɗaya bayan ɗaya. Wani kamar mutum a cikin randa, wani kamar babban masallaci ba kowa, wani kamar ana magana ta bututun kwata. Ya tsaya a kan wanda muryarsa ta ɗan dusashe, kamar mace na amsawa daga ɗaya gefen tsakar gida. Ya kama na biyu yana murɗawa kaɗan-kaɗan, kamar mai buɗe kwalbar turare. Amshin ya ja baya, ya ja baya, har ya faɗa cikin gurbin nan, ɗas. Rabe ya cire hedifon ya juya wa ƙannensa baya, ya ce hayaƙin masara ne ya shigar masa ido. Ba don shi ba, da an naɗo wata baƙuwa.

"Danna!" in ji Barira. Tasi'u ya danna. Minti tara waƙar ke ci, ba yadda za a yi a gaggauta ta. A minti na uku mota ta iso. A na biyar direba ya fara hon. A na bakwai an gama ɗora jakar Kaka, mata na ta rungumar ta, ana a yi mana addu'a. Barira ta riƙe wayar da hannu biyu kada ta motsa, tana numfashi ta hanci. Ana cika tara Tasi'u ya ɗauki lasifika guda ya yi waje da ita, wayarta na binsa a ƙasa.

Ƙafar Kaka ɗaya na cikin mota aka kunna. Ta ja baiti, aka amsa. Ta ja na biyu, aka amsa. Duk bakin tasha ya yi tsit, har direba ya sauke hannu daga kan hon. Wata tsohuwa cikin motar ta leƙo ta ce, "La ilaha illallahu, wannan ba Yalwa ba ce?" Kaka ta tsaya a haka, ƙafa ɗaya a sama, har waƙar ta ƙare. Ta share ido da gefen mayafi ta ce, "Har yanzu tana ɗan jan wasalin ƙarshe, ja'ira. Kada a goge."

Ihu ya tashi. Barira na guɗa, Tasi'u ya rungume lasifika, mai masara na rabon masara kyauta. Kaka ta nuna ƙwaryar da ke kan tabarma, ƙwaryar da ta shekara arba'in a hannunta, mai ɗinki uku a gefe. Ta ce, "Waccan ta wanda ya dawo min da Yalwa ce."

"Wa ke nan, Kaka?" suka haɗa baki.

Ta shige, ta gyara mayafi, ta ce, "Direba, mu je, kada jirgi ya bar mu."

Ga shi nan, jama'a. Ƙwarya ɗaya ce, ba ta rabuwa uku ta yi kiɗa. Tasi'u ya gano inda mai amshin ke ɓoye, ya zana hanyar fito da ita. Barira ta ƙera hanyar da hannunta da garwashi. Rabe ya gane ta cikin goma sha shida, ya tsayar da ita a gurbinta. Kaka kuma sai bayan kwana arba'in, kuma wanda ya san ta ya san ko ta dawo ba faɗa za ta yi ba. To, a cikin ukun nan, wa za a miƙa wa ƙwaryar?

Na yi wannan tambayar a rumfar Malam Sambo. Ya ɗago daga kan keke, ya cire zare daga baki, ya ce, "Ni dai in ba a yanke hukunci ba kafin Asabar, a ara min ita. Kazata na neman wurin kwanci."