Dardumar da Baballe Ya Ƙi Wankewa

Akwai wani injiniya a Doha mai suna Baballe, mutumin Zariya. Aikinsa kula da gine-ginen wani attajiri ɗan Qatar.

A 1988, yana ɗalibi a Ingila, ya yi wanke-wanke a wani tsohon gidan ƙauye da ake kira Ashmere. Wani mai gonaki ne ya gina shi a bakin tafki. Lokacin yaƙin duniya ya zama asibitin sojoji, daga baya makarantar 'yan mata, sannan wani Mista Penfold ya mayar da shi otal.

Wata rana Penfold ya tarar da Baballe yana sallar la'asar a zaure. Ya jefa dardumarsa cikin taɓo, ya ce, "Irinku ta ƙofar baya kuke shigowa."

Baballe bai wanke dardumar ba. Shekara talatin da biyar tana cikin akwatinsa.

Otal ɗin ya karye. Gidan ya zama wurin kula da tsofaffi, ya koma kango. Penfold ya rage a ɗakin mai gadi, duk wanda ya saya sai ya ƙyale shi.

Sai attajirin nan ya sayi Ashmere, ya damƙa wa Baballe. Takardar farko da Baballe ya sa wa hannu ta korar Penfold ce.

Matarsa Mansuratu ta ce, "Baban Ikhlas, mutumin nan ya kai tamanin. Ka bar shi da Allah."

"Na bar shi. Allah ne ya kawo mini shi."

Penfold ya zo Doha roƙo, cikin zafin Agusta. Baballe ya sa aka zagaya da shi ta ƙofar da ake fitar da shara. Ya shimfiɗa dardumar a kan tebur.

"Ka gane ta?"

Tsohon ya daɗe yana kallo. "A'a, yallaɓai. Ku kore ni in kun so. Amma akwai wata ƙofar ruwa a ƙarshen tafki, duk shekara nakan..."

"Khalas, ya isa! Fita ta inda ka shigo."

A watan Nuwamba aka yi kwana tara ana ruwa a Ashmere. An riga an kori Penfold, ba wanda ya san inda ake buɗe wa tafkin hanya. Ruwa ya shiga gidan har tagogi, katakai suka ruɓe. Attajirin ya sayar wa wani kamfani da ke yanka shi ɗaki-ɗaki don haya. Ya sallami Baballe, aka soke takardar zamansa a Qatar.

A filin jirgin Hamad na Doha kayansu suka yi nauyi. Mansuratu tana ragewa, ta zaro dardumar.

"A kan wannan muka bar Doha," in ji ta. "Kuma ko sau ɗaya ba ka ƙara salla a kanta ba."

Darasi: Penfold ya yi zalunci, girman kai kuma ya kai shi ƙasa. Amma mai ramuwa ba ya sauraro, abin da ya ƙi ji kuwa shi ke rusa shi. Ku tura wa duk wanda kuka san yana ajiye da tsohon taɓo a akwati.