Tabon da Ya Fito a Bayan Iya Tabawa

An yi wani mutum, wani bawan Allah masaƙi, a wani gari na bakin fadama, tun zamanin da. Sunan garin bai zo mana ba, amma shi Sallau ake ce masa.

Matan garin sana'arsu ciro bado. Tun hantsi suke shiga ruwa har ƙugu, ba sa fitowa sai la'asar, rana na dukan bayansu. Masu ƙuruciya ba ta dame su ba. Amma ku saurara, fatar tsohuwa daban ce. In shekaru suka ja sai ta yi laushi, ta yi sirara, ranar da ta saba sha shekara arba'in sai ta fara ƙona ta. Shi ya sa tsofaffin ke zuwa wurin Sallau ya saƙa musu rigar shiga ruwa mai dogon hannu, saƙa mai kauri wadda ko ta jiƙe ba ta nuna jiki. Falle-falle sirara yake saƙawa, sannan ya haɗa. Kuma ba ya ba da riga sai ya ɗaga ta sama da tsakar rana, ya sa tafin hannunsa a ƙasa. In haske ya ɗigo a hannun, sai ya warware.

Wata rana Iya Tabawa ta zo karɓar tata, ga hadari ya rufe gari.

Ya ce, "Iya, ki bari sai rana ta fito in duba."

Ta ce, "Kai Sallau, in jira rana? Ai ita nake gudu. Miƙo min, ɗan nema, kafin 'yan matan nan su kwashe badon."

Ya yi dariya ya miƙa mata.

Bayan wata guda sai magana ta cika gari. Wai an ga tabo a bayan Iya Tabawa, dogo, daga kafaɗa har tsakiyar baya, fatar ta saɓule ta bar fari-fari. Wata ta ce kuturta ce. Shi ke nan. Aka ware mata ƙwarya, aka ware mata moɗa. Aka hana jikokinta hawa cinyarta. Matan suka ce kada ta ƙara sa ƙafa a mashigin da suke shiga.

Sallau na kan saƙa labari ya same shi. Da ya ji an ce tabon dogo ne, a miƙe, faɗin yatsa huɗu, sai hannunsa ya tsaya cak. Faɗin fallensa ke nan.

To ku saurara da kyau. Babu wanda ya zarge shi, ko ita Iya ba ta kawo shi a ranta ba. In ya yi shiru, sunansa na nan, aikinsa na nan. In ya yi magana, wace tsohuwa za ta sake amince wa hannunsa?

Washegari da rana ta take, ya je ya karɓi rigar a hannun Iya Tabawa, ya roƙe ta ta biyo shi har bakin ruwa inda matan suke. Shi da bai taɓa ɗaga murya ba, ya ce, "Iyayena, ku ɗan fito ku gani."

Ya ɗaga rigar sama, ya sa hannu a ƙasa. Ko'ina duhu, sai falle ɗaya na baya. Nan haske ya zubo masa a tafin hannu kamar ta rariya.

Wata ta saki ƙwaryar badonta, ruwa ya tafi da ita ba ta ko waiwaya ba.

Ya ce, "Ba kuturta ba ce. Rana ce ta ƙona ta, kuma ta nan ta bi. Zarena ya yi sako-sako, ban duba ba na ba ta. Laifina ne."

Shugabar matan, Inna Dela, ta dafe ƙirji ta ce, "Innalillahi. Kwana goma sha biyu matar nan tana cin tuwo ita kaɗai a bayan ɗaki."

Iya Tabawa ta dube shi ta ce, "Sallau, da ka yi shiru wa zai sani?"

Ya ce, "Ni na sani, Iya. Kuma Wanda ya fi ni sani Ya sani."

Ba zan ce muku ya ci riba ba. Da yawa sun koma wurin wani masaƙin, wasu ba su dawo ba har ya mutu. Amma a ranar, kafin la'asar, Iya Tabawa ta sa hannu a akushi ɗaya da jikokinta.

Jama'a, gaskiya ba ta tsaya ga kada ka yi ƙarya ba. Akwai shirun da ya fi ƙarya muni, shi ne ka ga wani yana shan wuya a kan kuskurenka, ka kame bakinka don ba a tambaye ka ba. Kowa ya duba gidansu, ya duba wurin aikinsa. In akwai wanda ake zargi yau a kan abin da hannunka ya yi, kada ka jira a gano. Tashi ka je ka faɗa. Allah Ya ba mu ikon yi.