Kurege da Tsuntsun da Ya San Faifai

Ga ta nan, ga ta nanku, ku matso kusa.

Ta zo mu ji ta, mun matso.

Kurege ne, kaka ta yi, rumbunsa wayam. Baba Ɗan'azumi ya cire gyaɗarsa, ya ɓoye wurin shanya. Kurege ya shinshina gabas, ya shinshina yamma, ko ɓawo bai samu ba. Abin ya dame shi ƙwarai.

Ana nan sai aka yi suna a gidan Baban, aka kira Sallau mai hoto. Sallau ya zo da ɗan jirgin nan mai ɗaukar hoto daga sama, wanda ba kowa a cikinsa. Ya ajiye faifai mai jan zane a bayan gida, ya ɗora jirgin, ya danna. Jirgi ya tashi fiii, ya zaga gari, ya dawo tsakiyar faifai, daram. Ya sake tashi, ya sake dawowa, daram.

Kurege yana leƙe daga bakin rami. Ya ce, "Tsuntsu ba gashi, ba baki, amma ba ya kuskure sheƙarsa. Wa ya koya masa?"

Baba ma abin da ya tambaya ke nan. Sallau ya ce, "Baba, tauraron ɗan'adam ke rako shi unguwa, amma ba ya kai shi ƙofa, yana iya sauke shi can cikin ƙaya. To akwai ido a ƙarƙashin cikinsa. In zai tashi ya kalli faifan nan ya haddace. In ya dawo, faifan yake nema."

Kurege ya kaɗa kai. "Ashe ba gida ya sani ba, faifai ya sani. Mai faifai shi ne mai tsuntsu. Kuma wanda ya zaga gari ta sama, ai ya ga inda gyaɗa take. Bari in kai shi gida in tambaye shi."

Jirgi ya tashi, kowa ya ɗaga kai sama. Kurege ya lallaɓa, ya ɗauki faifai, ya ɗora a ka kamar yadda kowa ke ɗaukar kaya. Faifai da faɗi, Kurege da gajerun ƙafa. Bai yi wani nisa ba Sallau ya danna wa jirgi ya dawo.

Jirgi ya zo, ya duba ƙasa, ya ga faifai ya ɗan gusa. Sai ya gyara tsayuwa. Kurege ya ji fiii a kansa. Ya goce dama, jirgi ya goce dama. Ya goce hagu, jirgi ya goce hagu.

"Malam tsuntsu, bari mu ƙarasa gida mana."

Jirgi ba ya jin Hausa. Daram. Kurege a ƙasa, faifai a kan Kurege, jirgi a kan faifai. Jela ce kawai a waje, farfelar jirgi ta taje ta har ta yi buzu-buzu.

Sallau ya ɗauke jirginsa, Baba ya cafke jela. Ya ce, "Yau miyar suna ta samu nama."

Kurege ya ce, "Baba, ka ji tsoron Allah. Iska ce ta ɗauki faifan, na bi na riƙe muku."

"Wace iska? Ko ganye bai motsa ba."

"In ƙarya nake, ai tsuntsun ya gani. A duba."

Sallau ya buɗe waya. Ga gari nan daga sama. Ga gyaɗa shanye a rufin soro, soron da Kurege ya haƙa raminsa a gindinsa. Kurege ya gani, ya haɗiyi miyau. Can kuma sai ga faifai yana tafiya, jela na binsa.

Baba ya fara dariya. "Sallau, miƙo in gani da kyau, idona ba ƙarfi."

Ya sa hannu biyu ya karɓi waya. Hannu biyu fa na ce muku.

Kurege sai rami.

Yanzu ya san inda gyaɗa take, a bisa kansa take tun farko. Amma rufin soro ba abin da ya raba shi da sama, kuma jelarsa ba ta manta ba. Shi ya sa har yau in kun ga kurege zai yi ɗan gudu, ya tsaya da ƙafa biyu, ya dubi sama. Ba hadari yake dubawa ba.

Ƙurunƙus kan kurege mai tajajjiyar jela. Wanda zai saci faifai a cikinku, ya fara tambayar wa ke sauka a kai.