Malamin da Ya Musanya Sulusi da Rubu'i

An yi wani mutum, wani bawan Allah, a wani gari can shekarun baya, ana ce masa Malam Hambali. Ku na baya, don Allah ku bar hirar nan, ku saurara. Malamin firamare ne, lissafi yake koya wa 'yan aji uku.

Ya lura ba ƙidaya ke ba yaran wuya ba, kalmomin ne. A ce su ɗebe, sai su tara. A ce su ninka, sai su zuba masa ido. Sai ya riƙa tsinto kwalaye a kasuwa yana yankawa, ya rubuta kalma ɗaya a kowanne, da zane a gefenta, ya kafe a bangon aji. Tarawa, ɗebewa, rabi, kusurwa, da'ira. Kullum da safe sai an karanta bangon nan tas.

To, ɗan Adam ne. Ranar da ya rubuta sulusi, ya zana masa da'ira an raba ta huɗu. Rubu'i kuma ya ba shi mai kashi uku. Watanni uku yara na rerawa haka! Da aka yi jarrabawa, su arba'in da biyu duk suka faɗi wannan tambaya. Wasu har bulala suka sha a gida.

Ana nan sai ga wata tsohuwa, Iya Tasalla, ta jawo jikarta har ƙofar aji. Ta ce, "Malam, yarinyar nan ta raba gurasa huɗu ta ce kowanne sulusi ne. Na kwaɓe ta, ta ce bangonka ne ya faɗa."

Ya waiga ya dubi bango. Sai ya ga ashe shi ya musanya su.

Hedimasta, Malam Tukur, ya ja shi gefe. Ya ce, "Musanya kwalayen yanzu, shi ke nan. Tsohuwa ba ta karatun boko, yara kuma wa zai saurare su? Gobe sufeto zai zo, kuma sunanka na cikin waɗanda za a ƙara wa girma."

Ya ce, "Ranka ya daɗe, yaran da aka doka fa?"

"Yara ne, za su manta!"

Kun ji fa. Za su manta. Haka muke cewa kullum, wallahi har na gaji da jin wannan magana.

Malam Hambali bai taɓa kwalayen ba. Washegari, sufeto na zaune, ya tsaya gaban aji ya ce, "Yara, ku dubi nan. Ni na yi kuskure, ku daidai kuka riƙe abin da na koya muku. Ku yafe mini." Sannan ya cire kwalayen a gabansu ya gyara.

Kuna jira in ce sufeto ya rungume shi? Ina! Ya soke sunansa. Hedimasta ya yi wata guda ba ya amsa gaisuwarsa.

Shi kuwa ya ɗauki wuƙa da lemo a jaka, yana bi gida-gida bayan an tashi. Ya yanka lemo kashi uku a gaban uba da ɗa, ya ce wannan sulusi. Ya yanka huɗu, ya ce wannan rubu'i. Ya ce laifin nasa ne, ba na yaron ba. Wani uban ya zage shi. Wani ya kira ɗansa ya ba shi haƙuri, abin da bai taɓa yi ba. Daga nan yaran ajin suka daina ɓoye allo idan sun ɓata. Sai yaro ya ɗaga hannu ya ce, "Malam, na yi kuskure, nuna mini."

Jama'a, amsa kuskure gaskiya ce, kuma ta fi nauyi idan wanda ka zalunta ƙarami ne, ba ya iya kai ƙararka. Mu fa? Ka daki ɗanka kan abin da bai yi ba, ka gano daga baya, sai ka haɗe rai ka aike shi ɗebo ruwa. Ki koya wa 'yarki ba daidai ba, a gyara miki, ki ce raini ne. Haba! Kowa a nan ya san yaron da ya kamata ya ba haƙuri. Ku tashi ku je ku ba shi yau. Allah Ya ba mu ikon yi.